Ranar da ɗana ya tambaye ni ko Allah yana kallo

A Kakuri aka haife ni, can kudancin garin Kaduna, lokacin da masaƙu ke aiki dare da rana. Mahaifina ma'aikacin masaƙa ne. Gidan haya muke zaune, rijiya ɗaya, igiyar shanya ɗaya, kuma mu da wani magidanci ne kaɗai Musulmi a ciki. Sauran duk Kiristoci ne, yawancinsu 'yan kudancin Kaduna, amma da Hausa muke magana gaba ɗayanmu. Matar ɗakin da ke kallon namu, Mama muke ce mata. Idan Kirsimeti ta zo takan kawo wa Baba kazarta ya yanka, don mu ma mu samu damar ci.

Ina ƙaramar sakandare aka shiga shekarar 2000. Zamfara ta riga ta ƙaddamar da shari'a, ana ta muhawara ko Kaduna za ta bi sahu. Ranar Litinin 21 ga Fabrairu Kiristoci suka fito zanga-zangar ƙin amincewa, kafin azahar gari ya kama da wuta. Baba ya fita aikin safe. Mun ga hayaƙi ta ko'ina, muna jin ihu yana matsowa, Umma na tsaye bakin ƙofa da ƙanena a hannu ta rasa inda za ta nufa.

Mama ce ta jawo mu ɗakinta. Ta cire wa Umma mayafi, ta ba ta zanen Zumuntar Mata, ƙungiyar matan coci, ta ɗaura, ta ɗaura mata ɗankwali irin ɗaurinsu. Ni da ƙanwata ta tura mu ƙarƙashin gado. Ƙanena da ya fara kuka ta karɓe shi ta goya, ta jawo kujera ta zauna a bakin ƙofa tana tsince shinkafa a faranti. Da samarin suka shigo suka ce ina Hausawan gidan nan, sai ta ce, "Tun safe suka gudu. Ku je ku duba ɗakinsu." Daga inda nake kwance ƙafafu kawai nake gani, da bakin adda yana taɓa siminti. Na gane muryar ɗaya daga cikinsu. Kusan kullum yakan zo sayen ƙosai wurin Umma. Suka fasa ɗakinmu, suka fito da kaya tsakar gida suka cinna musu wuta. Mama ba ta tashi daga kujerar nan ba har suka fita. Sai da suka yi nisa na ga farantin yana rawa a hannunta.

A ɗakinta muka ɓuya har mijinta ya samu sojoji suka kwashe mu zuwa bariki. Baba bai dawo ba. Wani abokin aikinsa ya ce ya hango an tare su a hanya, iyakar abin da muka samu ke nan. Mutum fiye da 1,000 suka mutu a rikicin, an binne da yawa a kabari ɗaya, Umma ta yi takabarta wata huɗu da kwana goma ba tare da ta ga gawar mijinta ba.

A zaman makoki na tambayi gwaggona, na ce Baba bai taɓa barin sallar asuba a masallaci ba, me ya sa Allah ya bari aka kashe shi? Ta buge min baki. Ta ce, "Kul! Saɓo kike son yi? Ƙaddara ce." Ban riƙe ta a zuciya ba, ƙaninta ta rasa, kuma abin da aka koya mata ke nan. Amma tambayar ba ta mutu ba. Na ci gaba da sallah da azumi, ina zuwa Islamiyya, sai dai idan malam ya ce Allah Mai rahama ne, wani abu yakan tokare min ƙirji, in sunkuyar da kai don kada a gani a fuskata.

Bayan rikicin gari ya rabu biyu, kogin Kaduna ya zama iyaka. Musulmi suka tattara suka koma arewa, Kiristoci suka koma kudu. Mu Rigasa muka koma. Ɗakin da muka kama, a bangonsa akwai kalandar coci tana nan a watan Fabrairu, ba wanda ya buɗe shafin gaba. Na kai hannu zan yage ta Umma ta hana ni. Ta naɗe ta ta sa a ƙasan akwati, ta ce kayan mutane ne, su ma gudu suka yi. A lokacin haushinta na ji. A watan Nuwamban 2002, da rikicin gasar sarauniyar kyau ya tashi, na leƙa ta taga na ga samarin unguwarmu, waɗanda na san iyayensu, suna bin wani mutum da gudu suna kabbara. Daga ranar na daina cewa su ne kaɗai ke kisa. Wannan ya ƙara min nauyi, domin ƙiyayya ta fi sauƙin ɗauka idan ɓangare ɗaya ne mai laifi.

Aure ne ya kawo ni Legas. Maigida Bakano ne, yana harkar shanu a mayankar Oko-Oba, muka zauna a Agege kusa da layin dogo. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne mai gidan da muke haya. Bayarabe ne, Alhaji, ba ya wasa da jam'i, amma matarsa ranar Lahadi sai ta ci ado ta tafi coci, kuma ita ce ke tashi dafa masa sahur. Ba na cewa Legas aljanna ce. Mutanenmu na Idi-Araba ba su manta 2002 ba, na kasuwar Mile 12 ba su manta 2016 ba. Sai dai faɗan nan yawanci da sunan ƙabila da kasuwa yake zuwa, ba a cika tare mutum a ce ya karanta Fatiha ko addu'ar coci kafin a bar shi ya wuce ba. Na samu sararin numfashi. Na kuma yanke wa kaina cewa 'ya'yana ba za su ji labarin Kaduna ba. Ko da na haifi namiji aka mayar masa da sunan Baba, muna kiransa Abba, abin da ya sani shi ne kakansa ya rasu tun ina yarinya.

Haka muke har watan Yunin 2022. Ranar Lahadi 5 ga wata 'yan bindiga suka shiga cocin Katolika a garin Owo na jihar Ondo ana tsakiyar ibada, suka kashe mutum akalla 40, har da yara. Hotunan suka cika wayoyi. Matar mai gidanmu ta wuni tana kuka, domin can wajen ne asalinta. Abba yana da shekara tara a lokacin. Ya dawo daga makaranta bai taɓa abincinsa ba, ya zauna a bakin gado da jakarsa a baya. Ina ninke kaya ya ce, "Umma, mu ne muka kashe su?"

Na ce su wa? Ya ce mutanen coci. Abokinsa, wanda suke zama benci ɗaya tun aji ɗaya, ya ce masa mutanenku ne, ya ɗauke jakarsa ya koma wani benci. Na ce masa ba mu ba ne, mugayen mutane ne. Ya yi shiru, can ya ce, "Lokacin da suke harbin, Allah yana kallo?" Na ce babu abin da ke ɓuya ga Allah. Ya ce, "To me ya sa bai hana su ba? Malam ya ce Allah ya fi uwa tausayi. Ke da kina wurin ai za ki hana."

Maganar gwaggona ta zo min har bakina. Na haɗiye ta. Na ce, "Abba, tambayarka babba ce, kuma ba laifi ka yi ba. Ka ba ni lokaci, zan ba ka amsa, ba zan yi maka ƙarya ba." Na shiga banɗaki na buɗe famfo don kada ya ji kukana.

Da dare muka yi doguwar magana da maigida. Shi yana ganin a ce wa yaro ƙaddara ce a bar shi ya girma, kada a buɗe masa abin da zai hana shi barci. Shi ma yana da nasa ciwon, abokinsa na ƙuruciya yana cikin waɗanda suka rasu a harin babban masallacin Juma'a na Kano ranar 28 ga Nuwamban 2014, kuma har yau ba ya son a ɗauko zancen. Na ce masa, "Malam, ni aka yi wa haka, na san abin da ya haifar. Idan ba mu gaya masa ba, waya za ta gaya masa, ko wani mai wa'azin da ke neman yara masu fushi." Bai amince nan take ba. Daga baya ya ce in yi, amma yana wurin.

Kafin nan na je wurin malamarmu ta Islamiyyar matan aure, wata dattijuwa mai sanyin magana. Ban ɓoye mata ba, na ce tambayar yaron tawa ce tun ina budurwa. Na zaci za ta yi min faɗa. Sai ta buɗe Alƙur'ani a Suratul Baƙara, aya ta 30, ta ce in karanta. Wurin da Allah ya gaya wa mala'iku zai sanya halifa a bayan ƙasa, suka ce, shin za ka sanya wanda zai yi ɓarna a cikinta ya zubar da jini? Allah ya ce musu, Ni na san abin da ba ku sani ba. Ta ce, "Kin ga an kore su don sun tambaya? Tambayar neman sani daban, tuhumar Ubangiji daban. Ɗanki bai tuhumi kowa ba." Na sha karanta ayar nan, na haddace ta ma, amma ban taɓa lura cewa tambayata ce a bakin mala'iku ba, kuma Allah da kansa ya ajiye ta a cikin Littafinsa. A gaban malama na yi kukan da ban samu yi ba a zaman makokin Baba.

Ba a zama ɗaya na yi wa Abba bayani ba. Yaro ba ya ɗaukar abu mai nauyi gaba ɗaya, yakan karɓi kaɗan ya tafi wasa, bayan kwana biyu ya dawo da wata tambayar kana tsakiyar tuƙa tuwo.

Na fara da labarin 'ya'yan Annabi Adamu, Habila da Ƙabila, wanda ya riga ya sani. Na tambaye shi wa ya ɗaga hannun Ƙabila? Ya ce shi da kansa. Na ce haka ne, Allah ya ba mutum hankali da zaɓi, ya aiko annabawa suka nuna masa hanya, bai halicce shi kamar mala'ika da ba ya iya saɓo ba. Da zaɓin nan ne mutum ke ciyar da maraya, da shi ne kuma yake ɗaukar bindiga. Allah ya san abin da zai faru, babu abin da ke aukuwa a wajen ikonsa, amma sanin abu da ƙyale shi ba yarda da shi ba ne. Na karanta masa ayar Suratul Ma'ida da ta biyo bayan labarin, cewa wanda ya kashe rai ɗaya ba da haƙƙi ba kamar ya kashe mutane duka ne, wanda ya raya shi kamar ya raya mutane duka. Ya ce ko da Kirista ne? Na ce ayar rai ta ce. Babansa ya ƙara masa da ayar Suratul Hajji, inda Allah ya ambaci majami'u da wuraren bautar Yahudawa tare da masallatai a cikin abubuwan da yake kare su daga rushewa.

Ya ce to ai waɗanda suka yi harbin an ce suna kiran sunan Allah. Nan ne na ƙi sauƙaƙa wa kaina. Da sauƙi in ce masa ba Musulmi ba ne, in rufe zancen. Amma na ga samarin Rigasa da idona, kuma a masallaci ɗaya suke sallah da kawunnaina. Na ce masa akwai masu sallah da ke kisa suna zaton ibada suke yi, akwai masu zuwa coci da ke yin haka su ma, kuma kiran sunan Allah a kan zalunci ƙara wa laifin nauyi yake. Na gaya masa irin mutanen nan sun kashe masu sallah a Kano kamar yadda suka kashe masu ibada a Madalla ranar Kirsimetin 2011. Na gaya masa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce abin da za a fara yin hukunci a kansa tsakanin mutane ranar ƙiyama shi ne jini. Wannan ya kwantar masa da hankali fiye da yadda na zata. Yara suna da tsananin son adalci, abin da ke cinsu shi ne a ce mugu ya tafi a banza.

Sai ranar da na ba shi labarin kakansa. An ɗauke wuta, ana ruwa, muna zaune mu uku. Na faɗa masa komai ban da abin da ya fi ƙarfin shekarunsa. Na ga ya dunƙule hannu. Ya ce, "Kiristoci ne suka kashe shi?" Na ce, "Eh. Kuma Kirista ce ta goya kawunka ta zauna a bakin ƙofa, ga adduna a gabanta, ta ce mun gudu. Da sun ɗaga labule, da ita za su fara. Ba don ita ba, da babu ni, da babu kai." Na ce masa ka tambaye ni ina Allah yake a irin wannan rana. Ni dai a ranar tawa na ga rahamarsa, ta zo min a hannun matar da ba ta sallah. Tausayin da ya zaunar da ita a kujerar nan ba ita ta halitta wa kanta ba. Annabi ya ce Allah ya raba rahama kashi 100, ya saukar da kashi ɗaya a duniya, da shi ne halittu ke jin ƙan juna. Babansa ya ba shi labarin Liman Abdullahi Abubakar na ƙaramar hukumar Barikin Ladi a jihar Filato, wanda a watan Yunin 2018 ya ɓoye Kiristoci sama da 200 a masallacinsa da gidansa, ya tsaya a gaban maharan ya ƙi ba su hanya.

Abba ya daɗe bai ce komai ba. Sai ya ce, "Amma Umma, Allah ya aiko muku Mama. Me ya sa bai aika wa Kaka kowa ba?"

Maigida ya kalle ni. Na ce, "Ban sani ba, Abba." Na ce shekara da shekaru ina son in sani. Abin da aka gaya wa mala'iku shi aka gaya mana, akwai abin da Allah ya sani mu ba mu sani ba. Na yarda Allah ba ya zaluntar kowa daidai da ƙwayar zarra, na yarda duniya ba ita ce ƙarshen labarin kakanka ba, ina kuma yi masa fatan shahada. Amma dalilin da ya sa shi ne aka ɗauka aka bar wani, wannan ba a ba ni ba, kuma ba zan ƙirƙiro maka ba. Ya ce, "Kina jin haushin Allah?" Na ce a'a, amma ina jin zafi har gobe, kuma jin zafi ba saɓo ba ne. Annabi ma da ɗansa Ibrahim ya rasu ya zubar da hawaye, ya ce ido yana hawaye, zuciya tana baƙin ciki, amma ba ma faɗin komai sai abin da Ubangiji ya yarda da shi. Abba ya kwantar da kansa a cinyata ya yi kuka saboda kakan da bai taɓa gani ba. Ban ce masa ya yi shiru ba.

Akwai iyayen da za su ce na yi ganganci, bai kamata uwa ta ce wa ɗanta ba ta sani ba a kan sha'anin addini. Ni ban ga haka ba. Yaron da aka ba shi amsar da ba ta ƙosar da shi ba yana ganewa, sai dai ya daina tambayarka. Na fi tsoron shirun Abba a kan tambayoyinsa.

Wata tambayar da ya zo da ita daga baya ita ce ko Mama za ta shiga aljanna. Na ce masa mu mun yi imani Musulunci ne gaskiya, shi muke yi wa kowa fata, amma makullin aljanna da wuta ba a hannuna yake ba, ba a hannun malaminsa yake ba. Wanda zai yi mata hukunci ya ga abin da ta yi a bakin ƙofar nan fiye da yadda na gani daga ƙarƙashin gado.

Tsakaninsa da abokin nasa ba a shirya da wuri ba. Na hana shi ramawa da baki, na ce yaron tsoro ne ya kama shi, kuma abin da ya ji a gida ya maimaita. Da Babbar Sallah ta zo a watan Yuli, Abba da kansa ya ce a ɗebar masa nama ya kai gidansu. Uwar yaron ta karɓa ta yi godiya. Sun koma gaisawa da buga ƙwallo, amma ba su koma benci ɗaya ba, ni kuma ban matsa ba.

Abba ne ya dame ni sai mun nemo Mama. Ƙanena, wanda ta goya, ya bi ta Facebook har ya samo ɗanta a Sabon Tasha. Mama ta riga ta rasu. Na yi magana da ɗan nata ta waya, muka yi ta kiran sunayen mutanen gidanmu na Kakuri, wane ya mutu, wane ya koma ƙauye. A nan na ji abin da ban taɓa sani ba: a makon da ta ɓoye mu, an kashe ƙaninta a Tudun Wada, kuma labarin ya iso mata muna cikin ɗakinta. Ba ta gaya wa Umma ba. Ta ci gaba da dafa mana abinci har sojoji suka zo.

Yanzu Abba yana sakandare. Tambayoyinsa ba su ƙare ba, sun ƙara tsauri ne, wasu sai dai in tura shi wurin babansa ko malama. Ni kuma idan aka ce Allah Mai rahama ne ba na sunkuyar da kai kamar da, ko da yake duk watan Fabrairu barci yakan yi min wuya. Abba yana son idan an yi dogon hutu mu je Kaduna, ya gaida Umma a Rigasa, sannan mu haye gada mu yi wa iyalan Mama ta'aziyyar da ba mu samu yi ba. Ɗanta ya ce lallai sai mun kwana a gidansa. Maigida ya yarda da zuwan, bai yarda da kwanan ba, Umma kuma ta ce ko ba kowa ita za ta kwana. Har yanzu muna kan maganar.